Me ya sa mundayen ƙirga taku na farko suka kasa zama lafiya a hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son sanin dalilin da ya sa aka riƙa kuka da mundayen nan masu ƙirga taku da lura da barci, waɗanda suka fara fitowa tsakanin 2011 da 2015, cewa ba su da daɗin sawa. A hoto dai wasunsu sun fi na yanzu kyan gani. Fasahar lokacin ce ba ta kai ba, ko masu ƙirar ne suka yi sakaci? Kuma a cikinsu wacce ce ta fi zama lafiya a hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun akwai, amma a ganina, bayan shekarun da na yi ina aikin ƙirar kayan da ake sawa a jiki, kason masu ƙirar ya fi yawa. Batir da na'urorin lokacin sun takura su, wannan gaskiya ne. Sai dai yawancin abin da ya sa mutane suka cire mundayen suka jefa a durowa ba ya cikin lantarkin. Yana wajen maɗauri, da irin robar, da inda aka ajiye ɓangaren da ba ya lanƙwasuwa, da yawan lokutan da ake tilasta wa mutum ya cire ta.

Ka fara da lura da abin da aka nema daga wannan kayan. Agogo, da dare kana cire shi ka ajiye. Ita kuwa wannan munduwa an ce ka kwana da ita don ta auna barcinka, ka tashi da ita, ka yi aiki da ita, ka yi gumi a cikinta. Ranar da ka cire ta, lissafin ranar ya tafi. Saboda haka daɗin sawa shi ne aikinta gaba ɗaya. Ƙaramin matsi da za ka jure na awa biyu, in ya zama na dare da rana, wata da watanni, sai ya gagari haƙuri.

Na'urar ƙirga taku ba a hannu ta faro ba. Wadda kamfanin Yamasa ya fitar a Japan a 1965, mai suna manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, a ƙugu ake maƙala ta. Fitbit ta farko, wadda ta fara isa hannun masu saye a 2009, ita ma 'yar maƙalawa ce a aljihu ko a bakin wando. Ƙugu ya fi hannu faɗin gaskiya game da tafiya, domin ba ya motsi sai jiki ya motsa. Hannu kuwa yana motsi ko kana zaune: mai tuƙa tuwo za a rubuta mata taku, mai tura baro kuma za a tauye masa nasa, tunda hannunsa yana kafe a kan mariƙi. Abin da ya kashe kasuwar 'yar maƙalawar shi ne ɓata. Ana mantawa da ita a jikin riga a kai wanki, ko ta sulale a mota. Da dare kuma sai ka ciro ta ka cusa a wani ƙyalle ka ɗaura a hannu, kamar yadda Fitbit One ta 2012 take bukata. Ka ga ke nan tun farko an koma hannu ne don sauƙi, an yarda a rasa wani abu na daidaiton lissafi. To in sauƙin da aka je nema bai samu ba, an yi asara biyu.

Shi kuma wuyan hannu wuri ne mai wuyar sha'ani. Ba zagaye yake ba, ya fi faɗi ta gefe zuwa gefe. Ta ɓangaren ƙaramin yatsa akwai ƙashin da ya ɗan fito, wanda duk abu mai tauri zai riƙa goga. Ta ciki fatar siririya ce, jijiyoyi suna motsi a ƙarƙashinta duk sanda ka dunƙule hannu, kuma nan ne ke kwanciya a kan tebur in kana rubutu ko aiki da kwamfuta. Girmansa ma ba ɗaya ba ne a yini guda, yana ɗan kumbura da zafi da bayan motsa jiki, ya saki da sanyi. Duk wanda zai ƙera abin da zai zauna a nan, dole ya amsa tambaya ɗaya: batir da allon lantarki ba sa lanƙwasuwa, hannu kuwa yana lanƙwasuwa, ina za a sa taurin? Kamfanonin farko sun ba da amsa iri uku.

Amsa ta farko ita ce ta Jawbone UP, wadda ta fito a Nuwamban 2011 da zanen Yves Béhar. Har yau ita ce ta fi duk sauran kyau a idona. Ba ta da fuska, ba ta da maɗauri. Ƙarfe ne mai sifirin aka lulluɓe da roba, ka ɗan buɗe ta ka zura hannu, bakunan biyu su haye juna su riƙe. Nauyinta kusan giram 20. Tunanin shi ne a baza lantarkin cikin jikin munduwar baki ɗaya, ta riƙa lanƙwasuwa tare da mai ita. A wajen barci ta yi kyau ƙwarai, domin babu wani ƙullutu da zai danne ka in ka yi matashi da hannunka, kuma tana tashe ka da 'yar jijjiga ba tare da ta tashi na kusa da kai ba.

Amma duba abin da wannan kyan ya jawo. Tunda ba maɗauri, ba a iya rage ta ko ƙara ta. Girma uku aka yi, ƙarami da matsakaici da babba, wanda hannunsa ya faɗa tsakani sai dai ya zaɓi matsi ko lilo. Bakunan nan biyu da suka haye juna suna kama hannun riga, suna kama bakin aljihu da igiyar jaka. Ba ta da Bluetooth, don haka kafin ka ga takun da ka yi sai ka cire ta, ka zare wani ɗan murfi a bakinta, ka soka ta a ramin iyafis na waya. Murfin nan ya ɓace wa mutane da yawa har kamfanin ya riƙa sayar da shi daban. Babbar matsalar kuwa, kowace cirewa da sawa lanƙwasa ce ga lantarkin da ke ciki. Cikin makonni kaɗan mundayen suka fara mutuwa, wasu suka daina riƙe caji. A Disamban 2011 shugaban kamfanin, Hosain Rahman, ya dakatar da ƙera ta, ya ce duk wanda ya saya a mayar masa da kuɗinsa ba tare da an tambaye shi dalili ba. Sai Nuwamban 2012 aka sake fito da ita bayan an gyara cikin, sannan UP24 mai Bluetooth ta biyo baya a 2013. Ko a nan ma masu amfani da ita sun ci gaba da kukan cewa robar tana saki tana zamewa daga bakunan. Darasin da masu ƙira suka ɗauka shi ne, abin da za a lanƙwasa sau dubbai ba a zuba masa allon lantarki a ciki.

Amsa ta biyu ta Nike ce. FuelBand ta fito farkon 2012 a kan dala 149, kuma ita ta ɗauki kishiyar hanya: tunda lantarki ba ya son lanƙwasa, to a bar munduwar da taurinta. Awarwaro ce sosai. A cikinta akwai batura biyu masu lanƙwasasshen siffa, a samanta ƙananan fitilu farare 100 da masu launi 20 da ke ɓoye ƙarƙashin baƙar roba, ba ka ganinsu sai ka danna maɓalli. Maɗaurinta shi ne kan USB, ka buɗe ka soka a kwamfuta kai tsaye, ba ka neman wata wayar caji. Wannan dabara ce mai kyau, ba na raina ta. Don daidaita girma, ban da girma uku, an haɗo ta da 'yan gaɓoɓi biyu, na milimita 8 da na 16, da ake ƙarawa ko a cire.

Matsalar ita ce abu mai tauri ba ya bin siffar hannu, a wurare biyu ko uku kawai yake taɓa shi, kuma ɗaya daga cikinsu ƙashin nan ne na gefe. In ta yi sako-sako sai ta riƙa zamewa tana bugun bayan hannu, in ka cire gaɓa ɗaya sai ta matse. Kaurinta a ƙarƙashin hannu yana ɗaga wuyan hannun mai buga kwamfuta, yana kuma ƙwanƙwasar tebur. Wajen rufewa tana iya cizon fata. Ta yi farin jini a matsayin ado, amma ba abar kwana ba ce. A Afrilun 2014 Nike ta sallami mafi yawan ma'aikatan da ke ƙera ta.

Amsa ta uku ita ce ta ci, ko da yake ita ce mafi ƙarancin burgewa. Fitbit Flex ta 2013 ta tattara duk lantarkin a cikin ɗan ƙwaya guda mai tauri, ta cusa shi a aljihun wata roba mai laushi wadda ba komai a cikinta. Taurin ya taru a bayan hannu, inda ya fi shimfiɗa kuma ba ya jin matsi sosai, sauran zagayen duk laushi. In robar ta yage ka sayi wata da kuɗi kaɗan, na'urar tana nan. A kwali ɗaya ana ba ka roba biyu, babba da ƙarama. Fuskar kawai ɗigon fitila biyar ne. Misfit Shine ta bi wannan tsari da ɗan faifan alminiyam, haka ma Mi Band ta Xiaomi wadda ta fito a 2014 a kan yuwan 79, ƙwayarta giram 5 kacal. Zuriyar Mi Band ɗin ce ta cika shagunan waya a ƙasashenmu, ita da masu kwaikwayonta, don haka wannan siffar ce yawancinmu muka fara sani.

Nan ma akwai aibu. Ƙwayar tana iya ficewa daga robar in ta tsufa ta saki, masu Shine da Mi Band ta farko da yawa sun duba hannu sun tarar da roba ba kowa a ciki. Aljihun Flex kuma yana tara ruwa da gumi, in ba a ciro ƙwayar an shanya ba sai ya fara wari.

Sai maɗauri, wanda a nan ne na fi ganin laifin masu ƙira, domin babu wata gazawar fasaha da ta tilasta musu. Masu agogo sun daɗe da warware wannan matsala da maɗauri irin na bel, mai harshe da huda, da 'yar zoben da ke riƙe jelar. Amma kamfanonin nan ba sa son kayansu ya yi kama da agogo, suna son ya fito sumul. Sai Fitbit ta sa wasu 'yan haƙora biyu da ake dannawa cikin hudar roba. Da sabuwar roba, sai ka sha wahala kafin su shiga da hannu ɗaya, kana danna su a kan jijiyar hannunka. In ta kwana biyu hudar ta buɗe, sai su fita da kansu in ka cire riga ko ka zura hannu a aljihu. Wato da wuyar ɗaurawa, da sauƙin kwancewa, akasin abin da ake nema a maɗauri. Garmin ta yi irin wannan a Vivofit ta 2014, har ta koma tana ba da wata 'yar zoben roba da ake zurawa a kan maɗaurin don kada ya ɓalle, a ta biyu kuma ta sa makulli mai juyawa. Polar Loop ta 2013 ta zo da nata salon: da almakashi za ka yanke robar daidai hannunka kafin ka fara sawa. Tana zama daram in ka yanka daidai, in ka zarce kuwa ba gyara, kuma ba ka iya ba ɗan'uwanka mai kaurin hannu.

Yanzu maganar fata, wadda ita ce ta fi tsanani. A Oktoban 2013 Fitbit ta fitar da Force, mai ƙaramar fuska da ke nuna lokaci da taku. Ta samu karɓuwa sosai. Ba a jima ba mutane suka fara nuna hotunan hannayensu da jan tabo, da ƙaiƙayi, wasu har da bororo, galibi daidai inda wurin caji yake taɓa fata. A Fabrairun 2014 kamfanin ya daina sayar da ita ya nemi a dawo da ita, yana cewa kashi 1.7 cikin ɗari na masu ita ne suka kawo ƙorafi. Hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta sanar a watan Maris cewa abin ya shafi kimanin guda miliyan ɗaya a Amurka da 28,000 a Kanada, an samu rahoton ƙaiƙayi kusan 9,900 da na bororo kusan 250. Daga baya kamfanin ya ce abin da ya fi jawo shi wani sinadari ne a cikin gam ɗin da aka haɗa sassan da shi, sai kuma nikel da ke cikin ƙarfen.

Ya kamata a bambanta abu biyu a nan, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne jiki ya ƙi wani sinadari. Nikel ne ya fi shahara, kuma matan da ɗan kunne ko sarƙa mai arha ke sa wa ƙuraje sun san shi ko ba su san sunansa ba. Gumi yana narkar da ɗan kaɗan daga ƙarfen ya shiga fata, kuma da zarar jiki ya ƙi shi, yawanci ya ƙi ke nan har abada. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kayyade yawan nikel da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su iya saki, rabin maikurogiram a kowane murabba'in santimita a mako. Wannan ba ya jin wanki ko sassautawa, sai dai a raba fatar da abin. Na biyu kuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma kowa yana iya samunsa: roba ba ta numfashi, gumi da sabulu da man shafawa suna maƙalewa a ƙarƙashinta, fatar ta jiƙe ta yi laushi, gefen robar ya riƙa gogarta har ta yi ja.

Wannan na biyun ya fi shafarmu. Mai yini a ofis mai sanyi ba ya tara gumi sosai. Wanda ke Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, gumin da zai tara a ƙarƙashin roba daban ne. Ga kuma alwala. Ana wanke hannu zuwa gwiwar hannu sau da yawa a yini, dole ruwa ya kai ga fatar da ke ƙarƙashin munduwar, ko dai ka cire ta ko ka motsa ta. In maɗaurin mai wahala ne, cirewa da mayarwa a kowace salla za ta gundure ka. In ka bar ta, ruwan zai kwanta a ƙasa ya daɗe bai bushe ba. Don haka ga mai alwala, maɗauri mai saurin buɗewa da rufewa da hannu ɗaya ya fi kowace fasaha da ke cikin na'urar muhimmanci. Ka goge hannu da cikin robar kafin ka mayar, ka riƙa sauya hannu lokaci-lokaci, in ka ga ja ka ba fatar hutu.

Caji ma yana cikin daɗin sawa, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. FuelBand tana neman caji bayan kamar kwana huɗu, Flex kwana biyar, UP kwana goma. Duk cirewa don caji dama ce ta mantawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka daina sawa, a kan caja suka bar ta. Garmin ta fahimci wannan, ta sa wa Vivofit batirin agogo guda biyu da ke kai shekara, da fuskar da ba ta mutuwa, kuma ana iya iyo da ita. Mi Band ta kai kwana 30. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya tilasta wa kamfanonin komawa ga hikimar masu agogo shi ne auna bugun zuciya. Ana yin sa ne da koren haske da ake haska fata, a auna yadda jini ke shanye shi a kowane bugu. Don ya yi aiki, dole na'urar ta kwanta a fata ba tare da rata ba, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu. Maɗauri mai haƙora ba ya iya riƙe wannan, shi ya sa Fitbit Charge HR ta farkon 2015 ta zo da maɗaurin agogo sak. Sai dai sabuwar bukatar ta kawo sabon takura, domin yanzu an ce a ɗaure tamau, ga kuma ƙullutun fitila yana danna fata. Microsoft Band ta Oktoban 2014 ita ce misalin wuce gona da iri: fuska miƙaƙƙiya a kan hannu mai lanƙwasa, batura a gefe biyu, na'urar bugun zuciya a maɗauri, kusan ba inda ya rage mai laushi. Tana da na'urori fiye da na kowa a lokacin, amma kusan duk wanda ya gwada ta sai ya ambaci taurinta. Rubutunta kuma a kwance yake bin tsawon munduwar, sai ka karkata kai ko ka juya fuskar ta koma cikin hannu kafin ka karanta, matsalar da Samsung Gear Fit ma ta zo da ita har aka gyara ta a manhaja. Basis Peak kuwa, wata mai auna bugun zuciya, kamfanin Intel ya janye ta a 2016 saboda tana zafi har ta ƙona wasu.

Game da wacce ta fi zama lafiya, in barci kawai ake magana kuma girman ya dace da hannunka, UP ce. In an haɗa komai, dare da rana da wanka da rashin caji, Vivofit nake ba, muddin an sa mata zoben nan mai riƙe maɗauri. Mi Band ta biyo ta saboda rashin nauyi da arha. FuelBand da Microsoft Band ta farko su ne a ƙarshe.

In kuma kyan hotonsu ya sa kana tunanin sayen tsohuwa, ka sani yawancinsu ba sa aiki sai da manhajar kamfaninsu. Jawbone ya rushe a 2017, Nike ta rufe hidimar FuelBand a 2018, Microsoft ta rufe tata a 2019. Batirin da ya shekara goma a ajiye shi ma da wuya ya riƙe caji, kuma a cikin UP da FuelBand a rufe yake ruf, ba a yi shi don a canza ba. Vivofit ce kaɗai a cikinsu za ka kwance bayanta, ka sa mata sabon batirin agogo, ta ci gaba da nuna maka taku a fuskarta.